Idan Zuciya Ta Rikita Lugudenta: Darasi Kan Jiri, Suma Da Faɗuwar Gaba

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa gani da idonka. Rana ta take, kasuwa ta cika ta batse, ana tsakiyar ciniki, sai maƙwabcinka na rumfa, wanda kuka gaisa da safe yana lafiya ƙalau, ya dafe ƙirji ya ce gabansa na faɗuwa, idonsa na ganin duhu. Kafin ka ce kwabo ya sulale ƙasa. Jama'a suka yi masa caa, wani ya kwara masa ruwa, wani ya kawo albasa, wani ya yi tofi. Jim kaɗan ya buɗe ido, ya tashi zaune, ya ce ba komai, rana ce da yunwa. Aka yi masa sannu, kowa ya koma kan hajarsa.

Sau da yawa gaskiyarsa ce. Mafi yawan suma ba ta da haɗari, kuma mafi yawan faɗuwar gaba tsoro ne, ko gajiya, ko shayin da aka sha ba a ci komai ba. Amma a cikin masu faɗuwa irin haka akwai waɗanda zuciyarsu ce ta rikice na ɗan lokaci sannan ta dawo, kuma ba kullum take dawowa ba. Manufar wannan takarda ita ce ka iya rarrabe wannan da wancan, ka san abin da za ka yi a take, ka kuma san abin da za ka riƙe idan kana neman magani a ƙasashe biyu, yau a Maraɗi gobe a Katsina, yau a Ƙonni gobe a Sakkwato.

Yadda zuciya ke tafiyar da aikinta

Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannunka, kuma ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama suna karɓar jini su zuba wa na ƙasa, na ƙasa kuma su tunkuɗa shi zuwa huhu da sauran jiki. Ka dubi mata biyu suna lugude a turmi ɗaya: wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ba mai shiga lokacin 'yar'uwarta. Haka ɗakunan sama da na ƙasa suke yi, kusan sau 100,000 a kwana guda. Abin da ke riƙe musu wannan tsari wata 'yar wutar lantarki ce da Allah ya halitta a cikin zuciyar kanta. Tana tashi daga wani ƙulli a ɗakin sama na dama, ta ɗan dakata a wata mahaɗa da ke tsakiya, sannan ta gangara ɗakunan ƙasa. Babban mutum da ke zaune a natse, zuciyarsa kan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya.

Rikicewar bugun zuciya ita ce wannan wuta ta kauce hanya. Ko ta riƙa zagaye a wuri ɗaya, bugu ya yi sauri fiye da ƙima. Ko ta riƙa tashi daga wurare barkatai, bugu ya rasa tsari. Ko ta maƙale a hanya, bugu ya yi nawa.

To me ya haɗa saurin bugu da jiri? Mutum zai zaci idan zuciya ta ƙara sauri jini zai ƙaru. Ka tuna mai jan ruwa a rijiya. In ya riƙa fizgo guga tun bai cika ba, zai yi ta wahala, hannunsa na gudu, amma randa ba za ta cika ba. Zuciyar da ke bugawa sau 180 ko 200 a minti ba ta samun sararin cika kafin ta matse, saboda haka jinin da take turawa sai ya ragu. Ƙwaƙwalwa kuwa ita ce a can ƙololuwa, ita ke fara jin rashin. In jinin ya ragu kaɗan, sai jiri da dishi-dishin gani da sanyin gwiwa. In ya yanke na daƙiƙoƙi kamar shida zuwa goma, mutum ya faɗi. Haka nan idan bugun ya yi nawa ƙwarai, ko ya tsaya na ɗan lokaci, sakamakon ɗaya ne.

Ba duka iri ɗaya ba ne

Akwai wadda ke zuwa wa matasa da masu matsakaicin shekaru, har waɗanda zuciyarsu ba ta da wani aibu. Mutum na zaune, ko ya sunkuya ɗaukar mudu, sai bugu ya tashi farat ɗaya kamar an kunna injin niƙa, sau 150 zuwa sama da 200 a minti, a jere ba tuntuɓe. Ya yi mintoci ko sa'o'i, sannan ya tsaya farat ɗaya kamar yadda ya fara. Wasu kan ji bugun har a wuya, wasu kan yi fitsari mai yawa bayan ya lafa. Tana firgitarwa, amma da wuya ta yi kisa, kuma tana da magani. Abin takaici, mata da yawa masu wannan lalura sun shafe shekaru ana ce musu tunani ne ko iska, don duk sa'ad da suka isa gaban likita bugun ya riga ya koma daidai.

Akwai kuma wadda ta fi yawa ga manya, da masu hawan jini, da waɗanda ƙofofin zuciyarsu suka lalace. A nan ɗakunan sama ba sa matsewa sosai, karkarwa kawai suke yi, bugun da ke isa hannu kuwa ba shi da tsari ko kaɗan: biyu da sauri, a dakata, uku a guje, ɗaya mai rauni. Likitocin Nijeriya kan rubuta ta a takarda da haruffa AF, na Nijar da Kamaru da Chadi kuma su rubuta FA ko ACFA. Cuta ɗaya ce. Haɗarinta ba a jirin yake ba. Jinin da ya kwanta a ɗakin da ba ya matsewa yakan daskare ya yi guda, gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai wannan cuta ya fi waninsa haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar. Wasu ma ba sa jin komai a ƙirji, sai ranar da baki ya karkace.

Ta uku ita ce ta tsofaffi: wuta ta maƙale tsakanin sama da ƙasa, bugu ya sauka zuwa 40 ko 30. Dattijo na tsaye ko zaune, ba jiri ba gargaɗi, sai ya kife, fuska ta yi fari fat, bayan daƙiƙoƙi ya farka yana tambayar me ya faru. Iyali kan ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne kawai, kuma akwai wata 'yar na'ura da ake dasawa ƙarƙashin fata a saman ƙirji, mai batir da ke yin shekaru da dama, wadda ke raba mutum da wannan faɗuwa.

Ta huɗu, wadda ta fi kowace muni, daga ɗakunan ƙasa take tashi, galibi ga wanda zuciyarsa ta riga ta kumbura ko ta yi rauni, ko wanda ya gaji wata matsala a jininsu. Ita ce ke kai wa ga mutuwar farat ɗaya. Sau da yawa takan yi sallama kafin ta zo, kuma sallamarta ita ce wata 'yar suma da aka raina.

Wace suma ce abin tsoro?

Suma ta yau da kullum tana da dalili a fili kuma tana ba da sanarwa. Mutum ya daɗe tsaye a rana, ko a cunkoson mota, ko ya ga jini, ko ya ji mummunan labari, ko ya miƙe zumbur daga kwance. Ya ji zufa ta keto masa, zuciya na tashi, kunne na ƙara, sannan ya sulale a hankali. Wannan, in sau ɗaya ce kuma mutum ba shi da ciwon zuciya, inuwa da ruwa da hutu sun ishe shi, ko da yake gwajin jini ba laifi ba ne.

Wadda za ta hana ka barci ita ce wadda ta zo ana cikin aikin ƙarfi: ɗan dako da buhu a ka, yaro a filin ƙwallo, manomi a bakin kunya. Ka lura, ana cikin aikin, ba bayan an gama an tsaya ba. Haka nan wadda ta sami mutum a kwance ko a zaune, domin wanda ke kwance jini ba ya wahalar isa kansa sai in zuciya ce ta gaza. Haka wadda ta zo ba sanarwa har mutum ya fasa goshi ko haƙori, da wadda bugun zuciya mai sauri ya riga ta, da wadda ta zo da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Duk wanda aka san yana da ciwon zuciya, ko ƙafafunsa na kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai da matasan kai biyu ko uku, in ya suma ko sau ɗaya, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira kasuwa ta tashi.

Akwai tambaya guda da ya kamata kowane gida ya yi wa kansa, ko da tana da nauyi: a danginmu akwai wanda ya rasu farat ɗaya yana ƙasa da shekara 40, a barci, ko a gona, ko a ruwa alhali ya iya iyo? Mun yi imani kowa da kwanansa, kuma ba wanda ke jayayya da wannan. Amma wasu cututtukan bugun zuciya gado ne, kuma faɗa wa likita wannan labari na iya zama sanadin da Allah zai tsare ƙanen mamacin ko ɗansa.

Kada kuma fizge-fizge su ruɗe ka. Wanda ya suma saboda zuciya yakan yi 'yar fizga sau kaɗan, sai a ce farfaɗiya ce, a yi ta ba shi maganinta shekara da shekaru. Mai farfaɗiya yakan daɗe yana jijjiga, yakan ciji gefen harshe, in ya farka kuma yakan jima a ruɗe ko ya yi barci mai nauyi. Mai sumar zuciya kuwa galibi cikin minti ɗaya yake dawowa, hankalinsa garau. Wanda ya ga faɗuwar da idonsa shi ya kamata ya raka marar lafiya asibiti, domin shaidarsa ta fi wasu gwaje-gwajen amfani.

Koyi jin bugun hannu

Wannan ilmi ne da ba ya cin ko sisi. Ka juya tafin hannu sama, ka ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, daidai ƙasan gindin babban yatsa, ka danna kaɗan har ka ji motsi. Ka dubi agogon wayarka ka ƙirga na minti ɗaya cur. Abu biyu kake nema: nawa ne, kuma a jere yake ko yana tuntuɓe? Ka gwada yau kana lafiya, ka gwada na maiɗakinka da na tsofaffin gida, don ka san yadda daidai yake kafin ranar da za ka buƙaci sanin wanda ba daidai ba. Tsallen bugu ɗaya jefi-jefi, kamar zuciya ta yi tuntuɓe ta ci gaba, kusan kowa na yi, ba abin damuwa ba ne ga mai lafiya. Amma bugun da ya haura 120 mutum na zaune ba zazzaɓi, ko ya gaza 50 tare da jiri, ko ya rasa tsari gaba ɗaya, na likita ne.

In abin ya taso maka, ka riƙe lokacin da ya fara, farat ɗaya ko a hankali, tsawon da ya yi, da abin da ka ci ko ka sha kafin nan. In ba ka rubutu, ka yi wa kanka saƙon murya a waya. A gaban likita kana iya ƙwanƙwasa tebur da yatsa ka nuna masa yadda bugun ya yi. Likitoci na fahimtar abu mai yawa daga wannan.

Abin yi a take

In kai ne ka ji bugu ya tashi kuma ido na duhu, kada ka ce bari ka ƙarasa awo ko ka kai gida. Ka kwanta nan inda kake, ka ɗora ƙafafu kan buhu ko benci. Kunyar kwanciya a ƙasa gaban jama'a ba ta kai karyewar ƙugu ba. In kana tuƙi, ko kana kan babur, ka gangara gefe ka kashe. Ke kuma uwargida, in kina bakin kaskon tuya, ko bakin rijiya, ko da goyo a baya, ki matsa nesa ki zauna tun jirin bai yi ƙarfi ba.

In wani ne ya faɗi, ku kwantar da shi rigingine, ku ɗaga ƙafafunsa, ku sassauta masa wuyan riga, ku ba shi iska. Kada ku zaunar da shi, kada ku tsayar da shi, domin kwanciyar ce ke mayar da jini ga ƙwaƙwalwa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko madara yana sume, zai shiga huhu. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a turara masa hayaƙi. Mai addu'a ya yi addu'arsa, ba ta hana komai, amma mutum ɗaya ya durƙusa ya duba ƙirji: yana numfashi? In yana numfashi amma bai farka ba, a juya shi ya kwanta ta gefe, a nemo mota. In akwai hali, wani ya ƙirga bugun hannunsa a lokacin, domin wannan lamba zinariya ce a wurin likita.

In kuwa ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, ko yana wani jan numfashi jefi-jefi kamar kakari, to zuciya ta tsaya, kuma ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin mintoci huɗu zuwa shida. Ba lokacin salati da kuka kaɗai ba ne, ba kuma lokacin lulluɓe shi ba. A shimfiɗe shi a ƙasa mai tauri, ka durƙusa gefensa, ka ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, ka miƙe gwiwoyin hannu, ka riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. In ka gaji wani ya karɓa, kada a tsaya, har a cikin mota in da hali, har a isa hannun ma'aikatan lafiya. Gaskiya ita ce ba kowa ke dawowa ba, kuma sau da yawa sai an haɗa da na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki. Amma wanda ba a danna wa ƙirji ba, rabonsa a cikin wannan dama kaɗan ne ƙwarai.

Ga wanda likita ya riga ya tabbatar masa cewa irin ta farko gare shi, mai tashi farat ɗaya a jere, akwai dabarar da kan tsayar da bugun. Ya zauna a kishingiɗe, ya hura bakin sirinji mai cin mililita 10, wanda ba allura a jiki, da ƙarfin da zai motsa sandar ciki, na daƙiƙa 15; nan take a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa sama na wasu daƙiƙa 15. Wani bincike da aka yi a asibitocin Ingila, aka buga a 2015, ya nuna wannan hanya ta mayar da bugu daidai ga mutum 43 cikin 100, alhali yunƙuri kawai ba tare da ɗaga ƙafa ba ya yi wa 17. Tsoma fuska a ruwa mai sanyi ƙwarai ma kan taimaka. Amma kada kowa ya danna ido, kada kuma a murza jijiyar wuya. Wannan na iya jawo shanyewar jiki ga manya. In bugun ya wuce minti 20 zuwa 30 bai lafa ba, ko akwai ciwon ƙirji ko suma, sai asibiti.

Abubuwan da ke tsokano ta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar tsagar ita ce hawan jini da aka yi sakaci da shi, don yana kumbura zuciya a hankali. Sai ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga mata masu ciki da masu jego da wanda zazzaɓin cizon sauro ya sha kayarwa. Sai maƙoƙo mai zafi, wanda ke zuwa da rama duk da yawan ci, da rawar hannu da zufa. Sai gudawa da amai, masu wanke gishirin jini da wutar zuciya ke dogara da shi.

Akwai ɗaya da ke farawa tun yarinta. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi ga yaro ɗan shekara 5 zuwa 15, in na ƙwayar cuta ne kuma ba a ba shi penisilin ba, yana iya komawa ciwon gaɓoɓi, daga nan ya ci ƙofofin zuciya. Bayan shekaru goma ko ashirin sai a ga budurwa ko matar aure tana haki, bugunta ba tsari. Cire beli ba ya maganin wannan. Haka kuma raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da yawancin sassan duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa. Mai jegon da ke haki, ƙafa na kumbura, gaba na faɗuwa, kada a ce jego ne kawai. A dakatar da kunun kanwa, don gishirinsa na tara ruwa a jiki, a sassauta wankan ruwan zafi, a kai ta a duba.

Sai abin da muke sa wa bakinmu da kanmu. Goro da shayi da kofi daidai wa daida ba sa cutar da yawancin mutane, amma wanda ya lura nasa bugun na tashi bayansu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya fi damun ma'aikatan lafiya shi ne haɗin da direbobi da 'yan dako da 'yan acaba da kabu-kabu ke yi don kashe barci: lemon ƙara kuzari a kan kofi mai kauri, a kan tramol ko wata ƙwayar da ba a san sunanta ba. Giya da taba ma suna ciki. Magungunan asibiti su ma ba a bar su a baya ba: wasu na mura masu buɗe hanci, da na asma, suna sa bugu sauri, kinin da kulorokwin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa na iya rikita wutar zuciya ga mai rauni. Saboda haka duk inda za a rubuta maka magani, ka fara da cewa kana da matsalar bugun zuciya. Game da azumi, mai shan maganin zuciya, musamman mai sa fitsari, ya je wurin likita tun cikin Sha'aban a tsara masa lokutan sha, a kuma gaya masa gaskiya in azumin zai cutar da shi.

A asibiti, da kuma a kan iyaka

Gwajin farko sunansa ECG, kuma sa'a aka yi haruffan ɗaya ne a Turanci da Faransanci. Ana manna wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta zana bugun a takarda. Ba zafi, ba allura, ba wutar da ke shiga jiki, kuma mintoci kaɗan ne. Sai dai yana nuna abin da zuciya ke yi a lokacin ne kawai. In an ce maka ya fito lafiya alhali kai ka san abin da kake ji, kada ka yi fushi, kada kuma ka fid da rai. Ka yi ƙoƙari a ɗauke shi a daidai lokacin da bugun ya tashi, a asibiti mafi kusa da ke da na'urar. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake rataya wa mutum ya kwana da ita sa'a 24, da hoton zuciya irin wanda ake yi wa masu ciki. Waɗannan sai manyan asibitoci, irin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da manyan asibitocin Yamai da Damagaram.

Takardar ECG zafi da rana na goge ta, kamar rasiɗin banki. Ranar da aka ba ka, ka ɗauki hotonta da waya, ka sa ta a leda, kada ka bar ta a aljihun gaban mota.

Wanda ke jinya a ƙasashe biyu yana da wani haɗari na musamman: magani ɗaya, suna biyu. Kowane magani yana da sunan kamfani, mai canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, da sunan asali da aka rubuta ƙanana a ƙasansa, wanda kusan ɗaya ne a ko'ina, kamar bisoprolol, atenolol, digoxin, amiodarone, furosemide. Ka roƙi likita ya rubuta maka sunan asali da yawan miligiram a kati, katin ya zauna tare da katin shaidarka. In ka je wani asibiti, ka tafi da kwalayen duka a leda. An sha ganin wanda ke shan na Nijar da safe, na Nijeriya da dare, yana zaton biyu ne daban, har bugunsa ya sauka ya faɗi.

Wannan ya fi tsanani ga magungunan hana daskarewar jini. A Nijeriya an fi ba da warfarin, a ƙasashen Faransanci kuwa sau da yawa Sintrom ake bayarwa. Aikinsu ɗaya, awonsu daban, kuma haɗa su na iya sa zubar jinin da ba ya tsayawa. Mai shan ɗayansu yana buƙatar gwajin jini mai suna INR a kai a kai. Ga yawancin masu wannan cuta ana son lambar ta zauna tsakanin 2 da 3. Ya guji ibuprofen da diclofenac da haɗe-haɗen ciwon jiki na masu talla a faranti. Ya guji ƙaho da tsaga, ya gaya wa mai cire haƙori tun kafin a fara. Zogale da rama da alayyahu da miyar kuka ba a hana shi ba, amma ya ci daidai yadda ya saba, kada wannan mako ya cika ciki da su, mako mai zuwa ya daina, don suna rage ƙarfin maganin. Baƙin bayan gida, haɓo da ya ƙi tsayawa, ko fitsari ja, a tafi asibiti. Macen da ke shan sa ta sanar da likita da zarar ta yi ɓatan wata, ko ma tun tana shirin ɗaukar ciki. Asfirin kuma, duk da arharsa, ba ya maye gurbin waɗannan.

Magungunan rage saurin bugu ba a yanke su rana ɗaya, domin bugun kan dawo da ƙarfin da ya fi na da. Mun kuma gani a 2019 da 2023 yadda iyaka ke rufewa ba shiri, ta daɗe a rufe. In maganinka daga ƙetaren iyaka kake sayo shi, ka riƙa ajiye na wata guda a gefe, a wuri mai sanyi ba cikin rumfar kwano ba, ka kuma tambayi kantin magani mai rajista na garinku tun yanzu ko suna da irinsa da sunan asali. Shugabannin kasuwa da na tasha kuwa, ku zauna ku fid da direba ɗaya ko biyu da kowa ya san lambarsu, ku san asibiti mafi kusa da ke da ECG ta kowane ɓangaren iyaka, ku kuma nemi ma'aikacin lafiya na yankinku ya zo wata ranar kasuwa ya koya wa mutum goma danna ƙirji a aikace.